Fai ɗin da Yaya Haruna Ya Gasa Mini a Ikko

Sunana Idi, haifaffen Gwaram, amma na daɗe a nan Birnin Kudu ina kasa kanwa a bakin kasuwa, kuma duk garin nan ba mai kirana sai da Idi Ikko. Samari suna faɗin sunan da sha'awa, suna zaton wani abin kirki na je na yo. To, ku gyara zama ku ji. Ban je Ikko neman dukiya ba, ban je karatu ba. Wana na je ɗaukowa, Yaya Haruna, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kuna gani ni kaɗai na dawo.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Ya bi ayari zuwa kudu, yaƙin Yarbawa ya rutsa da su a hanya, aka kama shi aka sayar. Shekara takwas ba amo ba labari, har mun yi masa sadaka mun haƙura. Sai ga wani falken goro, mutumin Surko, ya dawo ya ce da idonsa ya gan shi a Ikko, ya kuɓuta daga bauta, yana dafa wa Nasara abinci. Maimakon a yi murna, sai gari ya ɗauka: ɗan Malam guda ya koma dafa alade! Babanmu yana cin tuwo aka kawo masa maganar. Ya tsame hannu ya ce, "Hannun da ya taɓa alade ba zai shiga akushin nan ba." Har ya koma ga Allah bai janye ba, ni kuwa ina zaune a gefensa ranar da ya faɗa, maganar ta zauna mini a ciki.

Inna kuwa, da yake ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa. Sai da idonta ya fara mutuwa, wata safiya tana kaɗi, ta ce da ni, "Idi, ni fa tafiyata ta matso. Ka je ka zo mini da wancan. Ko ban gan shi ba, in ji muryarsa."

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin fita ba. Bayan kaka na haɗa jakuna biyu, kanwa da jar fata, na shiga ayari a nan Birnin Kudu. Kwanakin farko ba mu san hanya sosai ba, kullum ratse muke yi saboda tsoron Ningawa, madugu ya hana a hura wuta mai hayaƙi, sai gumba da ruwa. Sai da muka ga ganuwar Zazzau sannan mutane suka fara dariya da ƙarfi.

Ƙasar Nufe ce ta fara nuna mini cewa jiki magayi. Muna bakin Kwara muna jiran masu jirgi zazzaɓi ya kayar da ni, irin wanda haƙora ke haɗuwa da rana tsaka. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Suka ja ni gindin wata rumfa suka haye. Mai rumfar wata tsohuwar Banufiya ce mai sayar da kifi, ba ta jin Hausa, ni ba na jin Nufanci. Kwana goma sha biyu tana dafa mini wani ganye mai ɗaci kamar maɗaci, tana ɗura mini, in na tofar ta ranƙwashe ni tana faɗa da yarensu. Jakina ɗaya ya mutu a wurin, ƙudan tsando ya cije shi. Da na miƙe na ɗebo kanwa mai yawa na kai mata, ta ɗauki dunƙule ɗaya tak, ta ture sauran, ta nuna mini ruwa da hannu, wato in kama hanyata. Ban san sunanta ba har yau, amma ba na sallah in manta da ita.

A Ilori kuwa aka yi mini wankin babban bargo, kuma bakina ne ya jawo. Duk wanda na gani a zango sai in tare shi: ko ka san wani Haruna, mutumin Gwaram, dogo, mai tabon ƙuna a hannun hagu? Kwana na uku sai ga wani dattijo da rawani da carbi, Hausarsa kamar yanzu ya fito daga Kano. Ya yi sallama ya ce, "Kai ne ƙanen Haruna? Allahu akbar! Dogon nan mai tabo a hannu? Ai a gidana ya sauka bara. Ya bar Ikko, yana nan cikin gari." Wallahi hawaye na yi. Ban ko tuna cewa ni na baza kamannin a zango ba. Ya ce in ɗaure kayana mu je. Muka yi ta lunguna har wani babban gida, ya karɓi igiyar jakin ya ce in jira a ƙofa, matan gidan ba sa son baƙo ya faɗo musu, zai turo mini Yaya yanzu. Na tsaya tun hantsi har la'asar ina gyara wuyan riga. Da na gaji na leƙa, ashe ba gida ba ne, hanya ce mai ƙofa biyu, ta baya ta ɓulla kasuwa. Na koma zango daga ni sai rigar wuyana da butata.

Mutane suka ce in juya. Na ce in juya in gaya wa Inna me? Sai na shiga alaro, ina ɗaukar wa wata Bayarabiya kaya a ka zuwa Badun, ladana abinci. Ku da ba ku taɓa barin ƙasar nan ba, ba ku san arzikin da kuke ciki ba. Can kurmi ne, sai ka yi wuni ba ka ga sararin sama ba, komai a jiƙe, tufa ba ta bushewa. Abinci doya da manja, safe da yamma, ga barkono kamar da gayya. Wata rana na ji ana daka a wani ƙauye, na tsaya da kaya a ka ina saurare, don sautin ya yi mini kamar na Inna tana sussukar gero, har uwar ɗakina ta daka mini tsawa. Kewar gida ta kama ni sosai a hanyar nan, har nakan yi tafiya ina ƙirga sunayen unguwannin Gwaram a baki kamar taɓaɓɓe.

A Badun na haɗu da wani tsoho yana saƙar tabarma. Ya ji na yi bismillah da Hausa a bakin rijiya, ya taso yana rawar jiki. Bawa ne, an kamo shi tun bai yi kaciya ba, Hausar ta zube masa sai 'yan tsiraru. Da na ce ta Birnin Kudu na biyo, ya riƙe hannuna ya ce, "Kiyako. Ni Kiyako." Ya tambaye ni ko rafin yana nan, ko har yanzu ana kiɗa duwatsu in za a yi biki. Na ce ana yi, Baba. Ya shiga bukkarsa ya fito da 'yar dawa cikin tsumma, wadda yake shukawa bayan ɗaki don kawai ya riƙa ganinta, ya dama mini kunu. Kunun ba tsamiya ba komai, amma ban sha abin da ya kai shi daɗi ba a duk tafiyar.

Wata na bakwai da barin gida na shiga kwalekwale aka haye da ni Ikko. Na ga teku, na ga jiragen hayaƙi kowanne ya fi masallacin Juma'armu girma, na ga benaye da rufin ƙarfe, amma ba su na zo kallo ba. Na sauka a zangon Hausawa, wurin wani mahauci da ake kira Baba Na'Allah, Bakatsine, mai faɗa da kyauta. Wannan karon na kama bakina, sai da na yi kwana biyu ina lura da shi sannan na tambaya. Ya ce, "Haruna kuku? Wa bai san shi ba? Gidan Baturen nan mai sayen manja, bakin ruwa. Ka bi ta baya, ta gaba ba ta irinmu ba ce."

Na same shi a madafa, ya ba ni baya, yana murza wani abu a kan katako. Na yi sallama. Ya amsa bai juyo ba, sai kuma hannunsa ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ya tsufa, furfura har a gemu, ga wani tabon bulala ya leƙo daga wuyan rigarsa. Ya ce, "Wane ne?" Na ce, "Idi ne, Yaya." Ya ce, "Idin Inna?" Sai ya zauna a ƙasa daɓas, hannuwansa duk gari, ya rufe fuska da su. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gai da babba. Ya tambayi Baba, na ce Baba ya riga mu. Ya yi salati, sannan ya ce, "Ya ji inda nake kafin ya rasu?" Na ce ya ji. "Me ya ce?" Na ce bai ce komai ba. Ya dube ni, ya san ƙarya nake.

Na gaya masa saƙon Inna. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in zauna a kan turmi, abincin Bature ba ya jira, in ya gama ma yi magana.

Nan na fara ganin abin da suke kira fai. Garin alkama ne fari tas, ya fi na gurasar Kano laushi, daga ƙasarsu ake kawo shi cikin ganga. Sai ya yanka wani farin kitse ƙanana ya murtsuke shi cikin garin da yatsu, ya yayyafa ruwa, ya murza kwaɓin da wata 'yar sanda har ya yi faɗi. Ya shimfiɗa a cikin kasko, ya zuba nama da albasa da romo, ya kawo wani kwaɓin ya rufe, ya danne bakin da babban yatsa, ya huda tsakiya don tururi ya fita, ya tura cikin tanderun tubali. Yana yi yana ba ni labari, ina jin don kada mu koma kan maganar Baba ne.

Ya ce, "Duk abin da suka rufe da kwaɓi suka gasa, sunansa ke nan. Na nama fai, na kifi fai, na tantabara fai, har na 'ya'yan itace da sukari. Na taɓa tambayar maigidana asalin sunan. Ya ce wai akwai wani tsuntsu a ƙasarsu, baƙi da fari kamar hankaka, mai kwashe-kwashe, duk abin da ya tsinta sai ya kai sheƙa. Sunansa aka ba abincin, don shi ma tarkace ake tarawa a ciki. Amma ya ce shi ma ji ya yi, ba zai rantse ba."

Na ce, "To ashe su ma suna da ƙanzon kurege."

Ya yi dariya, karo na farko. Ya ce kakanninsu ma ba sa cin ɓawon, tukunya ce kawai a wurinsu, a gasa shi da tauri don nama ya daɗe bai lalace ba, a ci na ciki a jefar da na waje. Ya ce har cikin zancensu abin ya shiga. Mai shisshigi, wanda ba a yin sha'ani ba shi, sai su ce yatsansa na cikin fai ɗin kowa. Akwai kuma wani fai da a da ake yi wa barori da kayan ciki, iyayen gida su ci tsoka, shi ya sa in an ƙasƙantar da mutum har ya ba da haƙuri dole, sai su ce irin wancan ya ci. Ya ce, "Ni kam na ci irinsa har na ƙoshi, Idi."

Ni kuwa duk wannan bayani da kunne ɗaya nake jinsa. Idona yana kan farin kitsen nan. Na daure na ce, "Yaya, wannan na mene ne?" Bai ɓoye ba. Ya ce, "Na alade ne. Da shi suke so. Ban taɓa kai shi baki ba, Allah shi ne shaida, kuma in na gama nakan wanke hannu da ƙasa da ruwa kafin in yi alwala." Na ce to. Amma na riƙa kallon yatsunsa suna ƙyalli, ina jin muryar Baba.

Da zan tafi ya raka ni ƙofa ya ce, "Jibi Juma'a. In an sauko ka biyo ni ɗakina mu ci abinci. A nan zan ba ka amsar Inna."

Ranar Juma'a muka yi sallah sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. A ƙofar masallaci wani ya raba goro, na karɓa na ɓantara na jefa a baki, Yaya yana tsaye kusa da ni. Muka tafi ɗakinsa, wani ɗan ɗaki bayan gidan Baturen, a share tas, ga buzu ga allo a jingine. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kawo ruwan wanke hannu da kansa, shi da yake babba. Sannan ya fita ya dawo da kasko a rufe da farin ƙyalle, ya ajiye a tsakaninmu ya yaye.

Fai ne. Ya yi ja, yana tururi ta hudar tsakiya, ƙamshi ya cika ɗakin. Kamarsa ɗaya da wanda na ga an yi wa Bature, har danniyar yatsan da ke bakinsa. Yaya ya wanke hannu, ya yanka, ya tura mini babban rabon gabana ya ce, "Bismillah."

Ku ji wautar da na yi. Tuwo in an ajiye maka, kana ganin tuwo, kana ganin miya. Wannan kuwa a rufe aka gasa shi, kitsen ya narke ya shige cikin ɓawon, ido ba zai gaya maka komai ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe baki in ce, Yaya, da me ka yi? Matambayi ba ya ɓata. Amma a gidanmu ƙane ba ya tuhumar abincin wansa, na ga in na tambaya kamar na zage shi ne. In ci kuma, zuciyata ta ƙi. Sai na nemi hanyar da nake zaton ba za ta ɓata wa kowa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ai azumi nake."

Ya ce, "Ranar Juma'a?"

Na ce, "Ramuwa ce. Na sha da yawa a hanya."

Ya dubi bakina. Sai a lokacin na ji ɗacin goron a harshena, na tuna haƙorana jawur suke. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina jira ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce ni ƙaramin maƙaryaci ne, da ya yi haka da mun shirya a wurin. Sai kawai ya jawo ƙyallen ya rufe kaskon a hankali, har da gyara gefe, ya ce, "Allah ya karɓa."

Shi ma bai ci ba. Muka zauna muna zancen damina da farashin goro kamar baƙi biyu a zaure. Na ce, "Yaya, maganar Inna fa?" Ya ce, "Ka je ka huta, Idi. Za ka ji." Ya ciro wata riga mai kyau daga cikin adaka ya ba ni, ya ce tawa ta mutu. Ya raka ni har bakin titi, abin da bai yi ba ranar farko, ya tsaya yana kallona har na sha kwana.

Kunya ta hana ni komawa Asabar. Lahadi na ce bari ya huce. Litinin da safe ina taya Baba Na'Allah rataye nama, sai ya ce, "Kai, ɗan Gwaram, ba ka ba ni labari ba. Yaya ka ji abincin wanka? Ai ya wahalar da ni a kansa." Na ce wace wahala, Baba?

Ya ce, "Au, bai gaya maka ba? Ranar Alhamis tun da sassafe ya zo nan, ranar da ka wuni a cikin gari. Ya ce rago yake so, kuma ba ni zan yanka ba, sai liman da hannunsa. Muka je muka taso liman. Ya sayi sabon kasko, sabuwar wuƙa, sabon katako. Ya taka har bayan gari wurin masu shanu ya nemo man shanu, ka san wuyarsa a garin nan. Ya ce ba zai gasa a tanderun Bature ba, a nan bayan rumfata ya gina wani da laka, ga shi can ka gani, bai ma gama hucewa ba sai jiya. Na ce Haruna, duk wannan na mene ne, ka yi masa tuwo mana. Ya ce a'a. Ya ce, 'Tuwo kowa zai ci. Wannan ita ce sana'ar da ta ci da ni, ita ake zagina da ita a gida. Ba zan gaya masa da me na yi ba. In ƙanena ya sa hannu ya ci don ni na ba shi, to zan iya shiga Gwaram, washegari zan ɗaure kayana. In shi da ya sha nonon da na sha bai ci ba, wa zai ci?'" Baba Na'Allah ya dube ni, ya ga fuskata. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Kai. Kada ka ce mini ba ka ci ba."

Na zura da gudu, ba takalmi, ina bangaje mutane, har gidan Baturen. Tagogi a rufe, madafa a share, tanderu ba wuta. Mai tsaron ƙofa, wani Bahaushe tsohon soja, ya ce jiya Lahadi jirgi ya tashi da maigidan, an mai da shi wani gari can gaba a bakin teku, shi ma bai riƙe sunan ba. Ya ce, "Wata uku Bature yana lallashin kukun nan ya bi shi, yana ƙi, wai jikinsa na ba shi za a zo nemansa daga gida. Shekaranjiya da safe kuma shi da kansa ya je ya ce zai bi." Na ce bai bar saƙo ba? Ya ce ya bari. "Ya ce in ƙanensa ya zo, a ce ya gai da Inna, ya ce mata yana sallah."

Na je bakin ruwa na tsaya. Ba komai sai ruwa, iyakar ganinka. Na yi kuka a wurin kamar mace mai takaba, 'yan dako suna wucewa suna kallona, ban damu ba.

Na yi damina guda a Ikko ina dakon gangunan manja, duk jirgin da ya tsaya sai na je na tambayi ma'aikatansa ko sun ga wani kuku Bahaushe mai tabo a hannu. Wani ya ce gabas, wani ya ce yamma, wani ya ce in kawo goro ya gaya mini. Baba Na'Allah bai ƙara yi mini maganar ba, amma bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba sai da aka yi wata biyu, kuma na san na cancanta. Da ruwa ya ɗauke, Baba Na'Allah ya haɗa ni da wani ayarin goro mai zuwa Kano, ya ce, "Tafi. Uwarka ta rasa ɗaya, kada ta rasa biyu."

Duk tsawon hanyar dawowa ƙarya nake shiryawa. A Ilori na ce zan ce ban same shi ba. A bakin Kwara na ce zan ce ya rasu, ta yi kuka sau ɗaya ta huta. Da na iso Birnin Kudu na kwana biyu a nan ba dalili, don kawai ƙafata ta ƙi ɗaukar hanyar Gwaram.

Na shiga gida da hantsi. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, idon ya tafi gaba ɗaya. Ta ji sallamata ta amsa, sannan ta karkata kai tana saurare, tana jiran sallama ta biyu. Na durƙusa. Ta shafa kaina, ta shafa fuskata, ta shafa rigar da ke jikina, ta murza ɗinkin wuyan da yatsa. Ta ce, "Wannan ba taka ba ce."

Na ce, "Shi ya ba ni."

"Ka same shi ke nan."

"Na same shi, Inna. Yana lafiya. Ya ce in gaishe ki, in ce miki yana sallah."

Ta ce, "Na san yana sallah, ba shi na aike ka tambaya ba." Sannan ta ce, "Ya ba ka abinci?"

Na ce ya ba ni.

"Ka ci?"

Duk ƙaryar da na ɗauko tun daga Ilori ta watse. Na gaya mata komai, kitsen, ragon, liman, tanderun laka, goron da ke bakina. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta janye hannunta daga kaina ta ajiye a cinya.

Ta ce, "Shekarar da aka yaye ka ciwo ya kama ka, ba ka cin komai, har an fara cewa ba za ka yi ba. Ni ina fama da ciki. Shi ne yake goya ka. In ya samo ɗan nama a wurin mahauta, ba ya haɗiyewa, sai ya tauna ya yi laushi, ya ciro daga bakinsa ya sa a naka. Wata huɗu yana yi. Ko sau ɗaya ba ka kau da kai ba."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni me ka yi mini? Tashi ka wanke ƙafarka, ka sha hanya."

Ta laluba ta kama bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Damina biyu ta ƙara a duniya. Kullum ta ji sallamar baƙon namiji a zaure sai ta ɗaga hannu a yi shiru, ta saurara, sannan ta ce a ci gaba da daka.